Kak Long da Sarkin Yaƙin Takarda

A garin Ipoh akwai wata yarinya 'yar aji shida. Ita ce babba a gidansu, shi ya sa ƙaninta yake kiranta Kak Long, wato babbar yaya. Sunan ya bi ta har makaranta. Abokanta da malamanta duk haka suke kiranta.

Kak Long tana da kai. A lissafi ba a wuce ta. A dara ma sai dai a yi haƙuri. Amma ba abin da take so kamar ranar Laraba.

Duk Laraba bayan an tashi, 'yan ƙungiyar wasanni suna taruwa a ɗakin karatu. Wasu su zauna wajen dara. Wasu su yi wasan haɗa kalmomi. Teburin da ke bakin taga kuwa na wasan jarumai ne.

Wasan ba shi da wuya. Kowane yaro yana da jarumi guda, an rubuta shi a takarda. A takardar akwai abubuwan da jarumin ya iya, kamar ƙarfi da hawa da harbi da magani. Kowace gwaninta da lambarta. Mutum ɗaya ne yake riƙe labari. Shi zai faɗi inda jarumai suke, da abin da ya tare musu hanya. In jarumi zai yi abu mai wuya, sai mai shi ya jefa ɗan lido mai fuska ashirin, ya haɗa da lambar gwanintarsa. In ta kai, ya yi nasara. In ba ta kai ba, sai a ga abin da zai biyo baya.

Kak Long ce mai riƙe labari. Ta iya ƙwarai. In ta yi muryar dodo, har masu dara sai sun waiwayo.

Mutum biyu ne suke wasa a teburinta. Akwai ƙaninta Zarul, ɗan aji huɗu. Jaruminsa maharbi ne mai hawan dutse kamar biri. Akwai kuma Boon Kiat, ɗan ajin su Kak Long. Boon Kiat siriri ne kamar tsinke, ga tabarau. Amma jaruminsa wani ƙato ne mai guduma. Sunansa ma Ƙato.

Wata Laraba, Cikgu Salmiah, malamar da ke kula da ƙungiyar, ta shigo da wani yaro. Yana tafe yana kallon takalminsa.

"Wannan Jeevan ne," in ji Cikgu. "Ɗan aji biyar. Ba su daɗe da dawowa garin nan ba. Kak Long, akwai wuri a teburinki?"

"Akwai, Cikgu."

Boon Kiat ya jawo masa kujera. "Zauna nan kusa da ni. In ka zauna kusa da Zarul, duk gyaɗar da ke aljihunka ta tafi."

"Ƙarya kake yi min!" in ji Zarul, yana tauna a ɓoye.

Jeevan ya yi ɗan murmushi.

Kak Long ta miƙa masa sabuwar takarda. Ta nuna masa yadda ake raba lambobi. Jeevan ya daɗe yana dubawa. Can sai ya ɗora yatsa a kan layin ƙarshe.

"Wannan mene ne?" ya tambaya a hankali.

"Dabarun yaƙi," in ji Kak Long. "Ba wanda ya taɓa ɗaukarsa."

Jeevan ya rubuta biyar a wurin. Ita ce lamba mafi girma. Ya ce jaruminsa tsohon Sarkin Yaƙi ne mai farin gemu.

Boon Kiat ya leƙa takardar. "Kai! Ba ka sa komai a gudu ba. In dodo ya biyo ka fa?"

"Tsoho ne," in ji Jeevan. "Ba ya gudu."

Yaran suka yi dariya. Amma Kak Long ta ɗan haɗe gira.

"Ka iya dara?" ta tambaye shi.

"A'a, Kak."

"Ka taɓa karanta labarin wani yaƙi?"

"A'a."

Kak Long ta gyaɗa kai. Amma a ranta ta ce, "Ni na sha wuya kafin in iya dabara. Shi daga rubuta biyar sai ya zama gwani?"

Ta shimfiɗa taswira. Ita ta zana ta da hannunta a bayan tsohuwar kalanda. Ga ƙauyen manoma shinkafa. Ga kogi. Ga gadar gora a kan kogin. Ga kogo a jikin tsauni. Murafan kwalba su ne dodannin dutse. Shugabansu kuwa wani babban murfin kwalbar zuma ne. Ta zana masa haƙora da jajayen idanu. Tana ji da shi sosai.

Ta rage murya, ta fara. "Dodannin dutse sun fito daga kogo. Rumbun ƙauye suke nema. Kun bi su, sai ga wani babban dutse ya toshe hanya. Me za ku yi?"

"Ƙato zai ɗaga shi!" in ji Boon Kiat.

"Jefa."

Ya jefa. Ta kai. Ƙato ya ɗaga dutse ya wurgar.

"Ni kuma zan hau tsauni in leƙa," in ji Zarul.

"Jefa."

Ya jefa. Ta kai. Maharbi ya haye sama.

Sai aka zo kan Jeevan. Ya ɗauki ɗan lido da hannu biyu.

"Sarkin Yaƙi zai dubi wurin," ya ce. "Zai yi amfani da dabarun yaƙi."

Ya jefa. Ɗan lido ya gangara, ya tsaya a kan sha takwas.

"Sha takwas da biyar!" Zarul ya buga tebur. "Yau dodanni sun shiga uku!"

Kak Long ta sa hannu ta rufe ɗan lidon.

"A'a," ta ce. "Ba a jefa dabara. Dabara a kai take. In kai Sarkin Yaƙi ne, faɗa mana yadda za a yi."

Jeevan ya ɗago kai. "Amma ai na jefa, Kak."

"Na gani. Ba ta aiki a nan. Ga taswira. Muna jinka."

Jeevan ya dubi taswira. Layuka ne kawai da murafan kwalba. Bai san inda zai fara ba.

Kak Long ta fara ƙwanƙwasa tebur da fensir. "Dodanni ba sa jira. Yi sauri."

"Mu... mu..." in ji Jeevan. "Mu tafi gaba."

"Gaba kawai?"

Ya gyaɗa kai.

"To, shi ke nan," in ji Kak Long. Ta tura murafan kwalba daga dama da hagu. "Kun faɗa tarko. Sun kewaye ku. Sun kama Ƙato, sun ja shi cikin kogo. Sun kwashe rabin shinkafar ƙauye."

Boon Kiat ya cire tabarau. Ransa ya ɓaci. Ya daɗe yana gina Ƙato.

"Wannan Sarkin Yaƙi ne ko Sarkin Shiru?" ya ce.

Wasu yara daga teburin dara suka kwashe da dariya. Kak Long ma ta yi.

Jeevan ya miƙe tsaye. Ya ninke takardarsa, ya ajiye a kan tebur. Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Da Laraba ta zagayo, Jeevan bai zo ba. Kak Long ta shimfiɗa taswira kamar kullum. Zarul ya wuce ta gabanta, ya je ya zauna wajen masu haɗa kalmomi.

"Adik, zo mana!" ta kira shi, yadda take kiran ƙanin nata a gida.

"Ba na yi," in ji Zarul, ko juyowa bai yi ba.

Boon Kiat ya zauna, ya yi tagumi. "Ni kuma Ƙato yana ɗaure a kogo. Da wa zan yi wasa? Da gudumar?"

Haka Kak Long ta zauna ita da murafan kwalba. Ruwan sama yana dukan taga. Ko'ina ana dariya, ban da teburinta.

Cikgu Salmiah ta zo ta tsaya a kanta.

"Ina mutanenki?"

"Sun ƙi zuwa, Cikgu."

"Na ga Jeevan ɗazu a wajen cin abinci. Shi kaɗai yake zaune. Na ce ya zo, ya ce shi bai iya ba. Wa ya gaya masa bai iya ba?"

Kak Long ta sunkuyar da kai. "Ai da gaske bai iya ba, Cikgu."

"Na ba ki teburin nan don ki tara yara, ba don ki kore su ba," in ji Cikgu. Ba ta ɗaga murya ba. "Ki gyara abin da kika ɓata. In ba haka ba, mako mai zuwa wani zan ba riƙon labari."

Maganar ta yi wa Kak Long zafi. Har suka isa gida ba ta yi wa Zarul magana ba.

Da yamma suka zauna cin abinci. Mak, mahaifiyarsu, ta zuba shinkafa da soyayyen kifi da miyar barkono. Ayah, mahaifinsu, ya dubi yaran biyu.

"Yau gidan shiru. Wa ya taka wa wani ƙafa?"

Zarul ya kwashe labari duka ya faɗa. Kak Long tana ta hararar sa.

Ayah ya saurara har ƙarshe. Shi bai taɓa yin wasan ba. Ya ɗan sosa kai.

"Bari in gane," ya ce. "Boon Kiat ya ɗaga dutse. Wannan Boon Kiat ɗin da jakar makaranta take rinjaya?"

"Ba shi ya ɗaga ba, Ayah. Jaruminsa ne. Shi jefawa kawai ya yi."

"To. Kai kuma Adik, bangon ɗakin karatu ka hau?"

"A'a, Ayah!" Zarul ya yi dariya. "Jefawa na yi."

"Madalla. Sai kuma baƙon yaro. Shi ma ya jefa, ta kai. Amma shi aka ce sai ya zama Sarkin Yaƙi na gaske." Ayah ya dubi 'yarsa, ya kira ta da sunanta na gida. "Along, ashe mudu biyu gare ki? Ɗaya na abokai, ɗaya na baƙo?"

Kak Long ta ajiye cokali. "Ba haka ba ne, Ayah! In na bar ɗan lido ya yi dabara, wasan ya mutu. Kowa sai ya rubuta biyar, ya jefa, ya ce ya ci yaƙi. Ina daɗin? Ina tunani?"

Ayah ya gyaɗa kai. "Wannan ma gaskiya ce. Kina da hujja."

"Ka gani!"

"Amma matsalar taki ce, tunda ke ce mai riƙe labari. Ke za ki warware ta. Ba a kan yaron mutane za ki sauke ta ba. Kuma gaya min. Da aka yi masa dariya, ke me kika yi?"

Kifin da ke bakin Kak Long ya daina daɗi.

"Na yi dariya," ta ce a hankali.

Ayah ya miƙa mata ruwa.

Ranar Asabar da safe Mak ta tafi kasuwa da ita. Kak Long tana riƙe da kwando, amma hankalinta yana kan taswira.

Suka tsaya wajen mai kifi. Kak Long ta nuna wani babba. "Mak, ga mai kyau."

Mak ta dube shi sau ɗaya. "Wannan ya kwana. Dubi idonsa, ya yi fari. Ga na yau can, idonsu garau."

Kak Long ta duba. Haka ne kuwa. Ita da farko duk iri ɗaya ta gan su.

"To wanne za mu saya?" ta tambaya.

"Yau ke za ki yi girki," in ji Mak. "Na nuna miki masu kyau. Ki zaɓa. Soyawa za ki yi ko miya? Wannan naki ne."

Kak Long ta tsaya cak, kwando a hannu.

"Mak! Sake faɗa!"

"Me na ce? Na ce soyawa ko miya."

"A'a, na farkon! Ke kika gani, ni zan zaɓa!" Ta yi tsalle har kwando ya bugi wani tsoho. "Yi haƙuri, Pak Cik!" ta ce masa da ladabi, yadda ake kiran dattijo a can.

Mak ta girgiza kai. "Yarinyar nan, a kasuwa ma?"

Kak Long ta gane. Gwani ba komai yake yi wa mutum ba. Ido gare shi. Yana ganin abin da wasu ba su gani ba. In haka ne, Sarkin Yaƙi zai gani, Jeevan kuma zai zaɓa.

Amma akwai abu mai wuya a gabanta, wanda ya fi gyaran doka.

Ranar Litinin da aka fita tara, ta sami Jeevan a ƙarshen benci. Yana cin shinkafar kwakwa daga cikin ganyen ayaba. Ta zauna ɗan nesa da shi.

"Jeevan, ban kyauta maka ba," ta ce. "Ka jefa, ta kai, na hana ka. Kuma na yi maka dariya. Ka yafe min."

Jeevan bai ɗago ba. "Ba komai, Kak. Ai ban iya ba."

"Ni ce ban iya ba. Ka dawo ranar Laraba."

"Za ki sake ƙwanƙwasa min fensir."

"Zan bar shi a jaka."

Ya ci gaba da juya cokali. Sai ta ce, "Me ya sa ka zaɓi Sarkin Yaƙi?"

"A gida ni ne auta," in ji Jeevan. "Yayyena suna da surutu. Kafin in buɗe baki, sun gama magana sun tashi. Na so ko a wasa ne in zama wanda ake saurara."

Kak Long ta ji kunya ta rufe ta. Ta ciro takardarsa daga aljihu. Ta riga ta warware ninkin, ta danne ta da littafi har ta miƙe.

"Ga tsohonka," ta ce. "A gaban mutane na ci maka fuska. A gaban mutane zan ba ka haƙuri."

Jeevan ya dubi takardar. Ya karɓa.

Ranar Laraba teburin bakin taga ya cika. Kafin a fara, Kak Long ta miƙe tsaye. Ta yi magana yadda masu dara ma za su ji.

"Rannan na zalunci Jeevan. Jifarsa ta kai, na hana shi. Laifina ne, ba nasa ba."

Boon Kiat ya gyara tabarau. "Ni ma bakina ya yi tsawo. Yi haƙuri, Jeevan. Amma don girman gemun tsohonka, ka fito min da Ƙato. Ina jin sauro ya gama da shi a kogon nan."

Jeevan ya yi dariya. Cikgu Salmiah tana daga nesa tana kallo.

Kak Long ta zauna. "Ga sabuwar doka. In jifar dabara ta kai, zan faɗi abu ɗaya da Sarkin Yaƙi ya gani. In ta wuce sosai, zan faɗi biyu. Ba zan ɓoye ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma abin da za a yi, mai jarumi ne zai faɗa. Kuma ba mai gaggauta shi."

Ta shimfiɗa taswira. "Kuna bakin kogi. Kogo yana tsallake. Ƙato yana ciki a ɗaure. Dodanni suna kai da kawo a kan gadar gora. Sarkin Yaƙi, bismillah."

Jeevan ya jefa. Tara ta fito.

"Wayyo!" in ji Zarul.

"Tara da biyar, sha huɗu," in ji Kak Long. "Ta kai, amma da ƙyar. Abu ɗaya ke nan." Ta rage murya. "Tsoho ya shafa gemu. Ya daɗe yana kallon gada. Ya lura da wani abu. Dodannin nan ɗaya bayan ɗaya suke hawa. Ba sa taɓa hawa biyu tare."

Jeevan ya zuba wa taswira ido.

Boon Kiat ya buɗe baki zai yi magana. Zarul ya toshe masa da gyaɗa.

Kak Long ta ɗora hannuwanta a cinya. Ta jira. Jiran ya yi mata tsawo, amma ta daure.

"Suna da nauyi," in ji Jeevan a hankali. "Na dutse ne. Gadar ba za ta ɗauke su duka ba. Sun sani."

Ba wanda ya katse shi. Muryarsa ta ɗan ƙara fitowa.

"Sai mu sa su manta. Kak, me suka fi so?"

"Ai kun gani rannan. Shinkafa."

"To mutanen ƙauye su dafa shinkafa a wannan gefen. Da yawa. Da kwakwa a ciki, don ƙamshi ya kai kogo. Sai su gudu su bar tukwanen a buɗe. Dodanni za su yi rige-rige."

Kak Long ta zaro ido. Ita ta zaci zai ce a yanke igiyar gada. Ko kusa ba ta yi tunanin shinkafa ba.

"Zarul, kai kuma ka tsallaka ta sama, ta kan itatuwa," in ji Jeevan. "In sun fito, ka shiga ka kwance Ƙato."

"An gama, ranka ya daɗe!" in ji Zarul. Ya jefa. Huɗu ta fito.

"Reshe ya karye," in ji Kak Long. "Maharbi ya faɗo a bakin kogo, tim! Shugaban dodanni ya juyo. Ya ji motsi."

"Mun mutu!" in ji Boon Kiat.

"Ba mu mutu ba," in ji Jeevan. Yanzu a tsaye yake. "Sarkin Yaƙi zai ɗauki ludayi ya bugi tukunya. Zai yi ihu ya ce, 'Kai mai jan ido! Yaranka za su cinye ba ka samu ba!'"

Da ƙarfi ya faɗa. Duk ɗakin karatu aka juyo. Cikgu ta ɗora yatsa a baki, amma tana murmushi.

"Jefa," in ji Kak Long.

Ya jefa. Ta kai. Kak Long ta ɗauki babban murfin zuma, ta tura shi kan gada. Sauran murafan suka bi shi a guje. Zarul ya sake jefawa, ya kwance Ƙato.

"Yanzu fa?" Boon Kiat ya tambaya. Jeevan yake kallo, ba Kak Long ba.

"Ginshiƙin gada," in ji Jeevan. "Ta bayansu."

Boon Kiat ya hura wa ɗan lido iska, ya jefa. Sha tara!

"Guduma ta sauka!" in ji Kak Long. "Gora ta yi ƙara, ƙaƙas! Gada ta karye!"

Ta dubi murfin zuma mai jajayen idanu. Ta so ya daɗe a labarinta. Ta tanadar masa maganganu masu ban tsoro da bai ma faɗa ba. Ta ji ɗan zafi a ranta. Sai kuma ta sa yatsa ta ture shi cikin kogi.

"Tsundum!" ta ce. "Ƙauye ya tsira."

Zarul da Boon Kiat suka rungume Jeevan har kujera ta kusa faɗuwa. Kak Long tana ta dariya. Ba ta taɓa jin daɗin wasa kamar na ranar ba, ga shi kuma dodanninta aka cinye.

"Dabarar shinkafar nan," ta ce wa Jeevan, "ba ni na ba ka ba. Taka ce."

"Ke kika nuna min gadar, Kak."

"Tsohonka ne ya gani. Ni baki kawai na ara masa."

Cikgu Salmiah ta ƙaraso. Ta dafa kafaɗar Kak Long. "Riƙon labari yana hannunki," ta ce. "Yau kin riƙe shi da kyau."

Suna tattara murafai sai ga wata 'yar ƙaramar yarinya 'yar aji uku. Tun ɗazu take leƙe daga bayan kantar littattafai.

"Kak," ta ce, "ni ban iya komai ba. Zan iya yi?"

Kak Long ta jawo kujera. Ta ɗauko sabuwar takarda.

"Zauna. Me kike so ki zama?"

"Mai magani. Amma ban san sunan ko ganye ɗaya ba."

"Jarumarki ta sani," in ji Kak Long. "Za ta nuna miki, ke kuma ki zaɓa. A haka za ki koya."

Tun daga ranar, Kak Long ta riƙe abu biyu. Mudu ɗaya ake auna wa kowa, aboki ne ko baƙo. Kuma in Allah ya ba ka sani, ka haska wa wanda bai sani ba hanya, ka ba shi lokaci ya taka da ƙafarsa. Wanda aka saurara, shi ma yana da abin faɗa.